Mizanin Auna Ɗan Wasan Ƙwallon Kwando a Zagayen Fitar da Zakara

Shugaban wannan zama, iyayena malamai, 'yan'uwana malaman wasanni na makarantun Anka da Gummi da Bukkuyum, da samarinmu da suka cika bayan zaure:

Mas'alar da aka ɗora mini ita ce yadda ya kamata a auna ɗan wasan ƙwallon kwando na sana'a, a san haƙiƙanin gwanintarsa da gwargwadon ci gabansa, idan an gama wasannin kaka an shiga zagayen fitar da zakara. Na san ba za a rasa mai cewa ina ruwan mutumin Gummi da wasan da ake farawa a Amurka da ƙarfe ɗaya na dare agogonmu ba, alhali ko a gidajen kallonmu ƙwallon ƙafa ce mai kasuwa. To, sai in tuna masa cewa Hakeem Olajuwon, wanda galibin masana ke ɗauka shi ne mafi girman ɗan wasan kwando da Afirka ta haifa, a birnin Sakkwato ya fara shiga gasar wannan wasa, zamanin da garuruwan nan namu uku suke cikin Jihar Sakkwato, yana ɗan shekara 15, ya zo daga wata kwalejin horar da malamai ta Musulmi a Legas a matsayin ɗan wasan ƙwallon hannu, aka roƙi kocin kwando ya saka shi. Ashe idon da zai gane irinsa ba ya rasa amfani a ƙasar nan.

Ga yadda tsarin yake a gasar NBA. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana yin wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. Sa'an nan 16 su shiga zagayen fitar da zakara, mataki huɗu, a kowane mataki ƙungiyoyi biyu su yi ta karawa da juna har ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Bambancin lokutan biyu a nan yake. A cikin kaka, yau kana wannan gari gobe kana wancan, ba mai sukunin ya zauna ya nazarce ka. Amma idan an shiga zagayen, abokin karawa ɗaya ne za ka yi kusan mako biyu kana fuskanta, masu horar da shi sun kwana suna kallon hotunan wasanka, sun san hannun da ka fi so da kusurwar da ka saba jifa daga gare ta, sun san inda kake juyawa idan an matsa maka, kuma duk ƙofar da ka shiga a wasan farko za ka tarar an datse ta a na biyu. Koci kan rage yawan waɗanda yake sakawa zuwa bakwai ko takwas, wasa ya ragu da sauri, raunin da mutum ya ɓoye wata shida ya fito fili cikin dare uku.

Saboda haka ra'ayina, wanda a kansa takardar nan ta ginu, shi ne cewa abin dubawa a wurin ɗan wasa a wannan lokaci shi ne amsar da yake bayarwa bayan an gane shi. Yawan makin da ya ci shaida ne, ba na musu, amma shaida ne guda, kuma malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa da'awa ba ta tabbata sai da bayyina, kamar yadda malaman hadisi suka rarrabe labarin da ya zo ta hanya ɗaya da wanda hanyoyinsa suka yawaita. Ba gwama ilimi mai alfarma da wasa nake yi ba, Allah Ya kiyaye; ladabin tabbatarwa kaɗai nake aro, domin samarinmu, da yake wasan na zuwa lokacin da suke barci, abin da ke isowa wayoyinsu da safe guntun bidiyo ne na daƙiƙa ɗaya, wanda aka tsince kyawawan jifa aka zubar da saura, su kuwa su yanke hukunci a kansa har da rantsuwa.

Mu ma, a matsayin ƙasa, mun taɓa faɗawa wannan rami. Ranar 10 ga Yuli 2021, a Las Vegas, 'yan wasan ƙasarmu, D'Tigers, ƙarƙashin koci Mike Brown suka doke Amurka da ci 90 da 87, suka zuba jifa mai maki uku har 20, alhali shekara tara kafin nan, a wasannin Olamfik na Landan, Amurka ta ci Nijeriya 156 da 73. Murna ta halatta. Sai dai wasan sada zumunci ne, kuma da aka isa Tokyo bayan makonni biyu, Ostireliya da Jamus da Italiya duk suka ci mu, muka dawo ba nasara ko ɗaya, Amurka kuwa ta tafi da zinare.

Bari in daɗe kaɗan a kan Olajuwon, domin tarihinsa ya tattara mas'alar gaba ɗaya. Houston Rockets ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, shekarar da aka ɗauki Michael Jordan na uku, kuma tun a kakarsa ta biyu, 1986, ya kai wasan ƙarshe, Boston ta ci su huɗu da biyu. Daga nan ya yi shekaru yana cin maki da yawa ƙungiyarsa na fita da wuri, saboda abokan karawa sun fahimci cewa idan mutum biyu ko uku suka rufe shi, yakan fi yarda da hannunsa fiye da miƙa wa abokin wasa. Da Rudy Tomjanovich ya zama koci a 1992, aka kewaye shi da masu jifa daga nesa, shi kuma ya koyi sakin ƙwallo da zarar mutum na biyu ya taso masa, sai ya zamana wanda ya rufe shi ya buɗe wa Kenny Smith ko Robert Horry, wanda kuwa ya bar shi da mutum ɗaya ya sha wuya. Wannan shi ne ci gaban da nake nufi, kuma ba a ganinsa sosai a jadawalin maki. A 1994 suka ci New York huɗu da uku, kuma abin da ya tsirar da su a wasa na shida ba jifa ba ne, yatsun Olajuwon ne da suka taɓa ƙwallon John Starks a daƙiƙar ƙarshe, wadda da ta shiga da kofi ya tafi New York.

Shekarar 1995 ta fi ban mamaki. Houston ta ci wasa 47 kacal a kaka, ta shiga zagayen tana ta shida a yankin yamma, kuma David Robinson na San Antonio aka ba kambun gwarzon shekara, ƙungiyarsa ta ci 62. Da suka haɗu, Olajuwon ya riƙa cin maki 35 a kowane wasa bisa matsakaicin lissafi, Robinson yana cin kusan 24, Houston ta wuce da huɗu da biyu, sa'an nan ta share Orlando ta Shaquille O'Neal huɗu da babu. Shin masu zaɓen Robinson sun yi kuskure ne? A ganina ba su yi ba, domin tambayar da aka yi musu ita ce wa ya fi amfanar ƙungiyarsa cikin wata shida, kuma sun amsa ta da insafi. Tambayar zagayen fitar da zakara daban ce, ita ce wa ke da dabara ta biyu da ta uku idan an kashe ta farko. Wanda ya cuɗa tambayoyin nan biyu zai zalunci ɗayan mutanen biyu ko ta yaya.

Akwai wanda aka zalunta haka a wannan shekara. Nick Anderson na Orlando ya zubar da jifan kyauta huɗu a jere a ƙarshen wasan farko, ga nasara a hannu, har aka shiga ƙarin lokaci Olajuwon ya tura ƙwallon da ta raba gardama. Tun daga ranar ba a ambatonsa sai da wannan, an manta shekarun da ya yi yana hidima.

Mutumin da ya fi kowa aiki da wannan mizani a zamaninmu ɗan Zariya ne. Masai Ujiri, wanda ya tashi a can ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello, yana shugabantar Toronto Raptors a 2018 lokacin da ta ci wasa 59, mafi yawa a tarihinta, sa'an nan Cleveland ta LeBron James ta share ta huɗu da babu, shekara ta uku ke nan a jere tana fitar da ita. Ujiri ya ga hanyoyin shaida sun yawaita, sai ya sallami koci Dwane Casey, wanda a wannan shekarar aka zaɓa gwarzon masu horarwa, ya kuma musanya DeMar DeRozan, abin ƙaunar mutanen gari, da Kawhi Leonard. An zage shi ƙwarai. A 2019 Toronto ta ɗauki kofi. A wasan ƙarshen nan ne Pascal Siakam ɗan Kamaru ya nuna abin da nake bayani a taƙaice: maki 32 a wasan farko, ya jefa 17 ya ci 14, abokiyar karawarsu Golden State ta gyara tsaronta, ya jefa 18 ya ci 5 a na biyu, a na shida, wanda ya rufe gasar, ya dawo da maki 26. Mai kallon wasan farko kaɗai zai kai shi inda bai kai ba, mai kallon na biyu zai raina shi.

A hanyarta ta zuwa kofin, Toronto ta fitar da Milwaukee ta Giannis Antetokounmpo, haifaffen Girka ɗan iyaye 'yan Nijeriya, wanda shi ne gwarzon shekarar. Milwaukee ta ci wasa biyu na farko. Sai aka ɗora wa Giannis Leonard, aka jera masa mutane kamar katanga a bakin kwando, aka bar shi ya yi jifa daga nesa in ya iya, Toronto ta ci huɗu a jere. Miami ta maimaita masa haka a 2020. A 2021, da gwiwa mai ciwo, bayan Phoenix ta ci su biyu na farko a matakin ƙarshe, ya juya gasar, ya rufe ta da maki 50, kuma jifan kyauta, wanda shi ne aibinsa da 'yan kallo ke ƙidaya masa daƙiƙoƙi don su ruɗa shi, ya jefa 19 ya ci 17. Shekara uku ana karanta littafi ɗaya kafin a fahimci abin da ke cikinsa. Amma adalci ya wajabta in faɗi ɗaya ɓangaren: a mataki na biyu na wannan shekara, abokiyar karawarsu Brooklyn ta yi fama da raunin Kyrie Irving da James Harden, kuma a wasa na bakwai Kevin Durant na Brooklyn ya jefa ƙwallon da ta shiga saura daƙiƙa ɗaya, yatsan ƙafarsa na kan layi, aka lissafa ta maki biyu maimakon uku. Da takalminsa ya gaza da ɗan kaɗan, da yau wani hukunci ake yi wa Giannis, alhali shi ɗin shi ne. Don haka mai auna ɗan wasa ya ware abin da mutum ya aikata da hannunsa daga abin da ƙaddara ta hukunta wa ƙungiyarsa, kada ya mayar da ƙidayar kofuna ita ce hujjarsa ta farko da ta ƙarshe.

Idan muka dawo gida, matsalarmu ita ce tsarin gasanninmu bai cika ba da damar maimaita shaida ba. Gasar ƙasa, wadda Kano Pillars ta ɗauki kofinta sau da yawa, an saba tara ƙungiyoyin da suka tsallake a gari ɗaya a gama cikin 'yan kwanaki. Gasar BAL ta Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021, wadda Rivers Hoopers ta zo ta uku a cikinta a 2024, ita ma matakinta na ƙarshe kifa ɗaya ƙwala ne. A irin wannan tsari gyaran da ake yi tsakanin wasa da wasa yakan koma tsakanin rabin farko da rabi na biyu, don haka mai nazari ya zuba ido a daƙiƙoƙin farko bayan hutu, lokacin da kowane koci ya faɗi abin da ya gani.

Mu kuwa a makarantunmu ba abin da ya hana mu tsara abin da ya fi haka, tun da Anka da Bukkuyum da Gummi a kan hanya ɗaya suke: idan zaman lafiyar hanya ya samu, ƙungiyoyi biyu na ƙarshe su kara sau uku, da tazarar mako tsakani, wadda ta ci biyu ta ɗauka. Malami ɗaya ya zauna da littafi da alƙalami, ya rubuta wa kowane yaro jifan da ya yi da wanda ya shiga, domin maki 20 daga jifa 12 ba ɗaya suke da maki 20 daga jifa 30 ba. Ya rubuta ƙwallon da ya zubar, da wanda aka ba shi ya tsare da abin da wannan ya ci. A wasa na biyu kuwa a umurci masu tsaro su toshe wa yaron da ya fi kowa hannunsa na dama tun daga tsakiyar fili, a duba ko zai koma hagu, ko zai miƙa wa wanda aka bari a buɗe, ko kuwa zai yi ta kutsawa yana hararar alƙalin wasa, a rubuta wannan ma da kwanan wata, a ajiye littafin a ofishin makaranta domin a buɗe shi baɗi a gwada da abin da yaron zai yi.