Balan-balan a Hannun Saurayi

Gaisuwa ta musamman ga matan Ribah, da na Wasagu, da Danko, da Maga, da Bena, da na cikin garin Zuru. Wadda ke tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, wadda ke saƙar hula kada ta ajiye allura, aron kunne kawai nake nema.

Yau zan fara da labarin wata baiwar Allah da na sani. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi unguwarsu ba, amma ta yarje mini in ba ku labarin. Ɗanta ya yi wajen shekara biyu yana neman kuɗi a Legas, sai ya dawo gida hutu. Yaro ne mai ladabi, ya zo mata da atamfa da sabulu. Kwana uku da dawowarsa sai ta lura da wani abu. Ya fito daga ɗakinta zai tafi masallaci, silifas ɗinsa ɗaya ya saɓule a tsakar gida, amma ya ci gaba da tafiya bai sani ba, sai da ƙanwarsa ta yi masa magana. Washegari kuma ta ga yana ta fama da maɓallin riga kamar ƙaramin yaro. Ta tambaye shi, ya ce ba komai, gajiyar mota ce.

Kafin sati biyu yaron nan ba ya iya miƙewa sai ya dafa bango. Nan fa aka shiga faɗi-tashi. Wannan ya ce iska ce ta taɓa shi a hanya, wancan ya ce jifa ne, an ga ya fara samu. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka sayar da akuya biyu. Sai da aka kwashe fiye da wata guda kana aka kai shi asibiti, daga nan aka tura su Sakkwato. Can ne likita ya fitar da kowa daga ɗakin, ya tambaye shi: kana shan balan-balan? Yaro ya sunkuyar da kai. Uwar ta ce da ni, "Wallahi 'yar nan, da aka gaya mini sai na yi tsammani ba'a ake yi. Balan-balan fa? Na yara?"

To jama'a, ashe gaskiya ne iska ce ta kama shi, amma ba irin wadda ake yi wa turare ba. Iska ce ta cikin gwangwani.

Wannan iska, likitoci suna kiranta naitiros oksaid, mutane kuma suna ce mata iskar dariya. Ba sabon abu ba ne a duniya. Wani masani a Ingila, Joseph Priestley, shi ya gano ta a shekarar 1772, kuma tun 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya fara amfani da ita don a cire haƙori ba a ji zafi ba. Har yau ana aiki da ita a asibitoci, wajen cire haƙori da tiyata, a wasu ƙasashe ma ana ba mace mai naƙuda don ta ji sauƙi. Saboda haka in likita ya ba ki ita a asibiti, kada ki tsorata. Can ana gauraya ta da iskar numfashi, wato oksijin, ana auna ta, ga ma'aikaci tsaye a kanki. Masu yin kek ma suna sayenta don kumbura madarar da suke ƙawata kek da ita. Ta wannan ƙofa ce ta fito kasuwa.

Abin da samari da 'yan mata suke yi shi ne, su sami tukunyar iskar, wata ƙarama ce kamar babban yatsa, launin azurfa, wata kuma babba, kamar doguwar filas ɗin ruwan zafi. Sai su ɗura iskar a balan-balan, su sa a baki su yi ta zuƙa. Nan take kai ya yi jiri, jiki ya yi sakayau, mutum ya kama dariya ba dalili. Cikin minti ɗaya ko biyu abin ya wuce. To nan ne tarkon yake. Da yake mayen ba ya daɗewa, sai a sake hura wani, a sake hura wani, har mutum ya sha gommai a zama ɗaya. Ba ta wari irin na wiwi, ba ta sa warin baki irin na giya. Yaro zai shigo ya gaishe ki, ki amsa, ba ki ga komai ba.

Wata za ta ce, to mu nan Ribah ina ruwanmu da abin da 'ya'yan masu kuɗi ke yi a Legas da Abuja? Uwargida, haka muka ce da sholisho. Haka muka ce da maganin tari mai kodin, har sai da ya shigo ɗakunan matan aure, gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayun 2018. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kuma cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Ita kuwa wannan iska, a watan Yulin 2023 shugaban hukumar NDLEA, Janar Buba Marwa mai ritaya, ya ba da umurnin a kama masu sayar da ita da masu shanta don maye a duk faɗin ƙasar nan. Ƙasar Holan ta hana ta tun farkon 2023, Ingila ma ta bi sahu a watan Nuwamban 2023. 'Ya'yanmu suna zuwa ci-rani kudu, suna karatu a Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato, kuma ga waya a hannun kowa, suna kallon mawaƙa da balan-balan a baki. Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu bari in gaya muku abin da take yi wa jiki, don in kun fahimci wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Na farko, tana iya kashewa nan take. Wanda ke zuƙar ta zalla, huhunsa ya cika da ita, iskar numfashi ba ta samun wuri. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin numfashi ko na 'yan mintuna. Sai mutum ya yanke jiki ya faɗi. Haɗarin ya fi yawa in a rufaffen ɗaki ne ko cikin mota, ko an haɗa da giya ko ƙwaya. Ku kuma yi tunanin wanda ya zuƙa ya hau babur ya ɗauki mutane.

Na biyu, tana ƙuna. Iskar tana fitowa daga tukunyarta da sanyi fiye da na ƙanƙara, sanyin da ke cin nama kamar wuta. Wanda ya kafa baki a tukunyar kai tsaye, leɓɓansa da maƙogwaronsa na iya salewa. Wanda ya matse babbar tukunya tsakanin cinyoyinsa yana hura balan-balan, sai ya tashi da gyambo a cinya, shi bai ma ji lokacin da abin ya faru ba.

Na uku, kuma shi ne wanda na fi so ku riƙe, tana cin jijiya a hankali. Kowaccenmu ta san wayar caja ko ta rediyo. A ciki akwai ƙarfe, a waje akwai roba da ta lulluɓe shi. In robar ta zaizaye, wuta ba ta tafiya daidai. To haka jijiyoyin jikinmu suke, waɗanda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, su bi ta lakar gadon baya zuwa hannu da ƙafa. Suna da rigar da Allah Ya lulluɓe su da ita, kuma abin da ke kula da wannan riga wani sinadari ne da ake kira bitamin B12. Muna samunsa a nama, da hanta, da kifi, da ƙwai, da nono. Ita wannan iska, da ta shiga jini sai ta kashe ƙarfin bitamin ɗin, yana nan a jiki amma ba ya aiki. Sai rigar jijiya ta fara lalacewa. Wanda kuma dama ba ya samun nama da ƙwai sosai, kamar yadda da yawanmu muke a wannan zamani na tsadar rayuwa, shi abin ya fi saurin kayarwa. Kada wani ya ruɗe ku cewa in ana shan ƙwayar bitamin ko ana cin hanta an tsira. Muddin ana zuƙar iskar, zuba ruwa ne a kwando.

Alamun suna farawa ne daga ƙasa. Yaro zai ce ƙafarsa ta mutu, irin mutuwar ƙafar wanda ya daɗe a zaune, amma ita ba ta sakewa. Ko ya ce yana jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa da yatsun hannunsa. Takalmi ya riƙa saɓule masa. Ya riƙa tangaɗi, musamman da dare in babu haske. Kofi ya riƙa suɓuce masa. In abin ya yi nisa, sai tafiya ta gagara, wani har fitsari ya kasa riƙewa. Wasu kuma mantuwa ke kama su, ko baƙin rai, ko su riƙa jin muryoyin da babu su. Kun ga kuwa dole a ce aljanu ne. Ga mace mai ciki kuwa haɗarin biyu ne, don ɗan da ke cikinta yana bukatar wannan bitamin wajen ginin ƙwaƙwalwarsa da lakarsa.

To mene ne namu, mu da muke cikin gida? Wata za ta ce ni ba na fita, ina zan san abin da yake yi a waje? Ai ke ce ma kika fi kowa gani. Uba yana ganin ɗansa a tsaye a ƙofar gida. Ke ce kike ganin yadda yake cin tuwo, yadda yake taka ƙasa, ke ce kike wanki, ke ce kike aika yara su share masa shago. In aka ce miki an ga balan-balan da yawa a ɗakin saurayi ko a jakar budurwa, babu suna babu biki, ko an ga 'yan ƙananan gwangwanaye masu launin azurfa, to ki buɗe ido. Ban ce ki hana ƙananan yara balan-balan ɗinsu na Sallah ba, wanda ake hurawa da baki ba shi da laifi. Maganata a kan baligi ce, mai zuƙa daga ciki.

In kin gani, kada ki fara da zagi da tsinuwa, kada kuma ki tara masa jama'a. Yaron da aka kunyata ƙara ɓuya yake yi. Ki kira shi ɗaki, ki tambaye shi cikin natsuwa, ki gaya masa abin da kika ji yau game da ƙafafunsa. Da yawansu wallahi ba su sani ba, abokai sun ce musu ai iska ce kawai, ba ƙwaya ba ce. In ɗan fari ne, alkunya ta hana ki, to ki sa goggonsa ko kawunsa, ko abokiyar zamanki in kuna shiri. Ki kuma sanar da maigida. Na san halinmu, mukan rufa wa ɗa asiri don kada uban ya yi faɗa. Faɗan yini ɗaya ya fi jinyar shekara.

In kuwa alamun nan sun riga sun bayyana, asibiti za a nufa, ba gobe ba, yau. Addu'a ba ta hana magani, a haɗa su biyun. Kuma a gaya wa likita gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ba a faɗa ba, zai yi ta neman wata cuta, lokaci yana ƙurewa. Maganin sananne ne: a daina iskar gaba ɗaya, a yi allurar bitamin B12 yadda likita ya tsara, a kuma yi gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Wanda aka kai da wuri yakan samu sauƙi sosai. Wanda aka makara da shi, wata jijiyar ba ta komawa yadda take.

In kuma Allah Ya kawo tsautsayi aka ga wani ya faɗi sumamme, a fitar da shi inda iska ke kaɗawa, a kwantar da shi ta gefe ɗaya, a sassauta masa riga. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, zai iya shaƙewa. A nemi abin hawa a yi asibiti da shi. Ƙunar sanyin nan ma kada a murza ta, kada a gasa da wuta, a kai wa ma'aikatan lafiya.

Shi yaron da na ba ku labarinsa, alhamdu lillahi, yanzu yana tafiya, amma da sanda, kuma bai koma bakin sana'arsa ba tukuna. Uwarsa ta ce da ni abin da ya fi damunta ba akuyoyin ba ne, watan nan guda ne da aka ɓata. Ta ce, "Tun ranar da takalmin nan ya saɓule zuciyata ta ba ni wani abu, amma na yi shiru." Shi ya sa ta ce in faɗa muku.

Don haka iyayena, yayyena, abin da kuka ji yau ku gaya wa maƙwabciya ta kan katanga, ku faɗa a gidan suna da gidan biki, ku faɗa a Islamiyya. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare su daga miyagun abokai, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.

Nan zan dasa aya, sai wani makon in Allah Ya kai mu da rai da lafiya. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Wassalamu alaikum, ku huta lafiya.