ƊAKI MAI TAYA A TSAKIYAR GONAKI

Karatu: Ibraniyawa 11:8-10 da 12:1-2, Luka 12:16-21

Yau za mu yi tunani a kan kayan matafiyi, za mu kuwa ɗauko misalinmu daga ƙasar Amurka.

A can, idan lokacin zafi ya zo, yara suka sami hutun makaranta, iyalai da yawa sukan ɗaura wa motarsu wani ɗan ɗaki mai taya a baya su kama hanya. A cikin ɗakin akwai gado, da murhun gas, da tankin ruwa, da wurin ajiye abinci. Inda dare ya yi musu, sai su ratse a wurin da aka tanada domin irinsu, su kwana, gari na wayewa su ci gaba. Waɗansu sukan bi babbar hanya mai lamba 80, wadda ta ratsa ƙasar daga San Faransisko a yamma har kusa da Niyu Yok a gabas, tafiyar fiye da kilomita 4,600. A tsakiyar ƙasar, hanyar ta bi ta jihohin Ayowa da Nebaraska. Nan mutum zai wuni yana tuƙi, gonakin masara da na waken soya hagu da dama, iyakar ganin ido. Kafin ya hangi gari, rumbunan hatsin garin yake fara hangowa, dogaye, sun ɗara sauran gine-gine tsawo.

To, ga yalwa ta kewaye matafiyin nan, amma ba zai iya kwasa ba. Wanda ya ƙera ɗakin ya riga ya rubuta a jikinsa iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Akwai kuma doka ta biyu. Masu ƙera irin wannan ɗaki suna gargaɗi cewa a sa wajen kashi 60 cikin 100 na kayan a gaban tayoyi, wato kusa da motar da take ja. Idan aka tara nauyi a can baya, muddin hanya lafiya ba za a ga kome ba. Amma fili ne fetal, iska tana da ƙarfi, ga manyan motoci suna wucewa a guje. Ranar da iska ta bugo daga gefe, sai ɗakin ya fara lilo, ya karkata hagu ya karkata dama, har ya iya kifar da motar da mutanen da suke ciki.

Wannan darasi ba sabo ba ne a hanyar nan. A Nebaraska titin yana bin gefen kogin Filat, inda dubban mutane suka bi da kekunan shanu daga wajen 1843 zuwa ƙasar Oregon, tafiyar wata huɗu zuwa shida. Da yawa sun taso da kaya niƙi-niƙi. Da shanu suka fara gajiya, sai aka shiga zubarwa: murhun ƙarfe, akwatuna, kujeru, har da abinci. Abin da mutum ya rantse ba zai rabu da shi ba ran tashi, shi ya jefar da hannunsa a bakin hanya domin ya tsira da ransa.

'Yan'uwa, Littafi Mai Tsarki ya nuna mana cewa mu ma matafiya ne. Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da ya bar Haran bisa ga kiran Allah. Ba matalauci ba ne, yana da dabbobi da azurfa da zinariya. Duk da haka a cikin alfarwa ya zauna, yana ratsa ƙasar da aka yi masa alkawarinta kamar baƙo. Filin da ya saya a cikinta shi ne na kogon Makfela, a bakin shekel 400 na azurfa, domin ya binne matarsa Saratu. Marubucin Ibraniyawa ya faɗa mana dalili: idon Ibrahim yana kan wani birni wanda Allah da kansa ya tsara, ya kuma gina.

Sai mu gwada shi da manomin da Yesu ya ba da misalinsa a Luka sura 12. Gonarsa ta yi albarka, wannan kuwa ba laifi ba ne. Kuskurensa shi ne ya manta cewa a kan hanya yake. Ya ƙudura zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya miƙe ƙafa shekaru da yawa. A daren nan aka karɓi ransa. Ko a filayen Amurka an ga yadda rumbu yake ba mai shi kunya. A shekarun 1930 fari da guguwar ƙura suka cinye gonaki a Okalahoma da Kansas da Teksas, iyalai da yawa suka ɗora ɗan abin da ya rage a kan tsofaffin motoci, suka nufi Kalifoniya neman aiki. Masu gona jiya, matafiya yau.

Yanzu bari mu tambayi kanmu, me muka loda a baya? Wani bashi ne ya ci domin a ce bikin 'yarsa ya fi na maƙwabci. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Wata riƙo ne, shekara goma ba ta gaisa da 'yar'uwarta ba, ga shi kuwa tare suke cin jibin Ubangiji. Wani laya ce a ƙarƙashin matashin kai, wai ko da addu'a ba ta yi aiki ba. Wani zunubi ne a ɓoye, wanda ko matarsa ba ta sani ba. Duk waɗannan mukan tura su can baya, nesa da Yesu, inda ba ma so ya duba. Muna zuwa sujada, muna raira waƙa, kowa yana ganin tafiya lafiya. Amma ran da iska ta bugo, ko ciwo, ko rasuwa, ko sallama daga aiki, sai rayuwa ta fara lilo, kayan da muka ɓoye su ne za su nemi kayar da mu, har da 'ya'yanmu da suke cikin motar.

Maganar Allah ta ba mu shawara biyu. Ta fari tana cikin Ibraniyawa sura 12: akwai kayan da dole a sauke. Zunubi ba a gyara masa wuri, tuba ake yi a rabu da shi. Wanda muke riƙe da shi a zuci, mu je mu same shi a wannan mako. Abin da muka karɓa ba bisa gaskiya ba, mu mayar.

Ta biyu, akwai kayan da ba za mu iya saukewa ba: kuɗin makarantar yara, tsohuwa marar lafiya a gida, gonar da take jiran ruwa. Waɗannan sai mu matso da su gaba, kusa da Mai jan mu. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 5, ya ce mu ɗora wa Allah damuwarmu domin yana kula da mu. Ɗaki mai taya ba shi da inji, bai kuma san hanya ba. Abin da yake kai shi gida shi ne ƙarfen da ya haɗa shi da mota. Haka bangaskiya take haɗa mu da Almasihu, wanda ya ɗauki kaya mafi nauyi, wato zunubanmu, a kan gicciye, ya kuma tashi daga matattu.

Mai sauraro, idan ba ka taɓa ba da ranka gare shi ba, yau rana ce. Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ka kira mu zuwa birnin da ka shirya. Ka nuna mana kayan da ya kamata mu sauke, ka ba mu ƙarfin halin saukewa. Waɗanda suka zama dole mu ɗauka, ga su mun kawo gabanka. Ka riƙe mu sa'ad da iska ta taso, har mu isa gida lafiya. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa idan Ubangiji ya kai mu. Salamar Allah ta kasance tare da ku.