Kwalifayin da Aikin da Ya Rataya a Wuyan Iyaye



Duk shekara ɗaliban aji biyu na babbar sakandare a makarantun gwamnatin Kano suna zama jarrabawar da muke kira kwalifayin, wadda sashen KERD na Ma'aikatar Ilimi ke shiryawa. Wanda ya haye, gwamnati ta biya masa kuɗin NECO, ko na NBAIS in ɗalibin Arabiyya ne. Wanda ya faɗi, sai uba ya nemo kuɗi. Kun fi ni sanin gidajen da karatun yaro yake tsayawa a nan, daga Jakara har Mandawari, kuma 'ya mace ce aka fi saurin cewa ta haƙura. Kafin kwalifayin akwai jarrabawar gama firamare, da ta aji uku na ƙaramar sakandare, da ta shiga makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977. A gaba kuma ga JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta.

A sakamakon NECO na 2025 Kano ce ta zo kan gaba a yawan waɗanda suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Abin alfahari ne. Amma mu ma muna cikin masu tura ɗalibai mafi yawa, don haka waɗanda suka rage a baya ba kaɗan ba ne, kuma dominsu muka taru.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya faɗi kwalifayin, galibi tun yana aji huɗu na firamare matsalar ta fara, lokacin da darasi ya koma Turanci shi kuwa bai iya karatu da kyau ba. Ana ta ciyar da shi gaba, har ranar da aka ajiye masa takardar tambaya ya kasa gane abin da ake nema, ko da ya san amsar.

Na san abin da wasunku za su ce: “Malam, ni ban yi boko ba.” Hajiya, ke ce fa kike zaunar da yaron nan ya yi tilawa, kuma daga muryarsa kike gane inda hadda ta yi rauni. Garin nan ya shafe ɗaruruwan shekaru yana bita da tilawa a zaure. Wannan tarbiyyar ce nake roƙo a ba wa littafin boko. Bayan sallar isha'i, yaro ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, ya rufe littafin, ya faɗa miki da Hausa abin da ya fahimta. In ya yi ta kame-kame, kin gano ciwon tun da sauran lokaci. Alhaji kuma ya riƙa buɗe littafin rubutu ya duba ko akwai jan biro na malami. Littafin da ya yi wata guda ba a taɓa shi ba, magana ce da ya kamata a kai wa shugaban makaranta. A sayi tambayoyin shekarun baya, a sa agogo, yaro ya saba da amsawa cikin ƙayyadadden lokaci. In zangon jarrabawa ya zo, a sassauta wa yarinya talla, a rage wa yaro zaman shago a Kurmi ko Kwari, ya yi barci da wuri, kada ya fita bai karya ba.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Uba ya sayar da kadara ya kai ɗansa cibiyar da ake rubuta amsa a kan allo, sannan ya dawo masallaci ya nemi a sa yaron a addu'a. Satar amsa laifi ce a dokar ƙasa ta 1999, ha'inci ce a addini, kuma yaron yana kallon wanda ya biya kuɗin. Ranar JAMB shi kaɗai zai zauna gaban kwamfuta.

Iyayena, kafin makon nan ya fita, kowa ya taka zuwa makarantar ɗansa, ya san malamin ajinsa, ya tambayi ranar jarrabawa da darasin da yaron ya fi rauni a ciki. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su nasara.