Kafin ambilans ta iso



Ana yawan tambayata: don mi mutum zai zaɓi aikin ba dare ba rana? Ni dai a hanyar Maradi zuwa Damagaram na samu amsa. An yi hatsari, jama'a sun taru, jini na zuba, ba wanda ya san abin yi. Har ni. Alhali danne rauni da ƙyalle mai tsabta da kiran lamba 18 na iya riƙe rai kafin ambilans ta iso.

Wannan kunya ce ta kai ni karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni. Ceton rai farilla ce ta kifaya: in ba wanda ya koya, laifin na kanmu duka. To, wa zai koya cikinku?

Allah ya sa mu dace.