Wane Faifai Muka Ba Amanar Tarihinmu?

Shugaban wannan zama, malamaina, 'yan'uwa ma'aikatan ɗakunan karatu da gidajen adana kayan tarihi:

Kowa a zauren nan ya san yadda muka taso daga kaset muka koma faifai, ba sai na maimaita ba. Abin da ya kawo ni shi ne wata al'ada da ta zauna daram a ofisoshinmu tun shekarun 2000. A ba da kwangilar kwafe tsofaffin takardu, ko kaset-kaset na tafsiri da hirarrakin dattawa. Ɗan kwangila ya dawo da kwali cike da fayafayan CD da DVD. Ranar karɓar aiki wani jami'i ya zaro ɗaya, ya sa a na'ura, hoto ya fito, murya ta tashi, a sa hannu a biya. Gwajin ke nan gaba ɗaya. Wannan gwaji tambaya ɗaya yake amsawa: faifan nan ya dace da na'urar nan a yau? Ko zai buɗe bayan shekara 15, babu wanda ya tambaya. Na daɗe ina faɗa wa shugabanninmu cewa tambayoyin nan biyu ne, kuma sau da yawa faifan da ya ci jarrabawar farko shi ne yake faɗuwa a ta biyu.

Bari in gaggauta da batun dacewa da na'ura, tunda shi kowa ya fi sani. Kamfanonin Philips da Sony suka fitar da ƙa'idar CD-R a 1988, kuma har yau babu faifan naɗi da ya kai shi karɓuwa. Ƙanensa CD-RW, wanda ake gogewa a sake rubutawa, ya zo a 1997, amma hasken da yake mayar wa idon na'ura bai kai na CD-R ba, shi ya sa tsofaffin rediyoyin mota suke tofar da shi. A ɓangaren DVD kuwa rigima aka yi ta kasuwa. Pioneer ya fito da DVD-R, mai alamar ɗebewa, a 1997. Wani gungun kamfanoni da ya haɗa da Philips da Sony da HP da Ricoh ya fito da DVD+R, mai alamar tarawa, a 2002, kuma ƙungiyar DVD Forum, mai tsara ƙa'idar DVD, ba ta amince da shi ba da farko. Dukansu gigabait 4.7 suke ɗauka. Mai ɗebewa ya riga shiga kasuwa, saboda haka tsofaffin na'urori sun fi saninsa. Mai tarawa ya fi shi tsari, domin alamomin da suke nuna wa lezar inda take a kan faifan an saƙa su ne cikin lanƙwasar layin rubutun kanta, abin da ke sa rubutu ya fi sauka daidai. Ana kuma iya yi masa lamba ya bayyana wa tsohuwar na'ura tamkar faifan kamfani. Akwai na uku, DVD-RAM, wanda yake gane wurin da ya lalace a jikinsa ya tsallake shi, ana kuma iya sake rubutu a kansa har sau 100,000. Ya fi su duka dabara, amma da ƙyar za ku sami na'urar falo da za ta buɗe shi. Kun ga tun daga nan inganci da karɓuwa sun raba hanya.

Ɗan kasuwar fim da ya zaɓi faifai mafi arha wanda zai buɗe a kowace na'ura daga Kano har Maraɗi, bai yi laifi ba. Shi bukatarsa a kalla a daren nan, in faifan ya shekara ma ya biya kuɗinsa. Laifin namu ne da muka ari ma'auninsa muka auna kayan da aka ba mu amana.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku. Faifan da aka buga a masana'anta, an danna masa rubutunsa ne a jikin roba. Faifan da muke naɗa a ofis kuwa, rini ne aka shimfiɗa siriri, leza ta bi tana ƙona shi ɗigo-ɗigo, a bayansa kuma akwai fallen ƙarfe mai mayar da haske. Rini yana kwaɗewa, ƙarfe yana cin tsatsa. Saboda haka tsawon ran faifai yana rataye ne a kan wane rini da wane ƙarfe, abubuwa biyun da ban taɓa gani an rubuta a takardar kwangila ba. Rinin iri uku ne a CD-R: sayanin, mai launin shuɗi-kore, azo, mai shuɗi sosai, da talosayanin, wanda kusan ba shi da launi. Ku juya faifai ku dubi cikinsa, sau da yawa ido ma zai ba ku labari.

A 2004 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta wallafa sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki fayafayai iri-iri suka gasa su da haske mai ƙarfi, suka sa wasu a ɗakin zafi da laima, suna ƙirga kurakuran da ke ƙaruwa. Talosayanin ne ya fi jurewa, musamman in an haɗa shi da ƙarfe mai zinare. A 2006 UNESCO ta fitar da rahoton Kevin Bradley da ke gargaɗin gidajen adana kaya a kan dogaro da waɗannan fayafayai. Shekara nawa ke nan? Mu a lokacin ma muka fara saye da katan-katan.

Amma alƙaluman da na fi so ku riƙe su ne na cibiyar adana kayan tarihi ta Kanada, inda Joe Iraci ya shafe shekaru yana wannan gwaji, ya jera fayafayan bisa tsawon ran da ake sa musu. CD-R mai talosayanin da zinare: sama da shekara 100. Shi dai wannan rinin in aka haɗa shi da azurfa: 50 zuwa 100. CD-R mai sayanin ko azo: 20 zuwa 50. DVD+R na azurfa: 20 zuwa 50. DVD-R na azurfa, wanda shi ne ya cika kwalayen da ke ofisoshinku: 10 zuwa 20. DVD-RW, da DVD+R mai hawa biyu ɗin nan da ke cin gigabait 8.5: shekara 5 zuwa 10 kacal.

Ku sake duba jerin nan da kyau. Tsohon CD mai megabait 700, wanda muka raina, shi ne a sama. Duk yadda aka ƙara cusa wa faifai kaya, ɗigon rubutun ƙara ƙanƙancewa yake yi, lalacewa kaɗan ta cinye da yawa. Ɗan kwangila kuwa mai hawa biyun ya fi so, domin faifai ɗaya zai yi masa aikin CD fiye da goma. Wato an biya kuɗin gwamnati an kwashe muryar da ta shekara 40 lafiya lau a kan kaset an zuba ta a faifan da aka yanke wa shekara 10. Takardun da muka ce muna tserar da su kuwa, gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago. Sannan ku lissafa: faifan DVD-R da aka naɗa a 2008, a ma'aunin nan, ko dai wa'adinsa ya cika ko yana bakin cika.

Kada ku manta kuma waɗannan shekaru an ƙiyasta su ne ga faifan da aka ajiye yadda ya kamata. Jagorar NIST ta ce sanyin digiri 4 zuwa 20, laima kashi 20 zuwa 50 cikin 100. Ina ofishin da yake da wannan a cikinmu? A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, ga rufin kwano, ga babu wuta. Agusta ta zo da laima, hunturu ya zo da ƙura. Zafi yana gaggauta lalacewar rini, laima tana kutsawa ta gefen faifai ta taɓa azurfar. Na buɗe kwali a wani ofis da ba zan ambata ba, na tarar an ɗaure fayafayai da roba kamar kuɗi, babu gida, kowanne an rubuta masa suna da biro an danna sosai. A CD, rubutun yana can sama ne, ƙarƙashin fentin da bai kai kaurin gashi ba. Biron nan a kan bayanan yake tafiya. Da na ɗaga ɗaya na kara da taga, haske na ɓullowa ta cikin haruffan. DVD ya tsira daga wannan domin rubutunsa na tsakiyar roba biyu masu kaurin milimita 0.6 da aka manne, amma shi ma in gam ɗin na banza ne, sai ku ga ya fara buɗe baki daga gefe ko daga ramin tsakiya.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce. Wani zai ce yana da faifan bikinsa tun 2003, yana buɗewa sumul. Allah ya ƙara masa daɗewa, amma na'ura tana gyara kurakurai ne a ɓoye ba ta gaya maka. Ƙa'ida ta yarda da kuskure har 220 a daƙiƙa ɗaya a CD, a DVD kuma iyakar 280 ce a nasa ma'aunin. Faifan da ke kan 20 da wanda ke kan 200 hotonsu ɗaya ne a talabijin, har ranar da na biyun zai tsaya cak. Wani zai ce a sayi faifan M-DISC, wanda aka fito da shi a 2009 aka ce zai shekara 1,000. Wa zai tsaya ya karɓi diyya in bai kai ba? Kuma da wace na'ura za a karanta shi, alhali kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba sa zuwa da ramin faifai? Masu cewa a ɗora komai a intanet kuwa, su fara nuna mini ofishin da ya biya kuɗin hayar ma'ajiya shekara biyar a jere ba tare da an yanke ba.

Akwai kuma matsalar jabu. Sunan da ke jikin kwali ba lalle ne shi ya ƙera faifan ba. Masana'antu ƙalilan ne suke yi, saura lambarsu kawai suke bugawa. Kowane faifai yana ɗauke da lambar masana'antarsa wadda kwamfuta ke iya karantawa, ita ma an sha yin ta ƙarya. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda masana suka fi yarda da kayansa, ya daina yi a ƙarshen 2015. Sony ya daina ƙera faifan Blu-ray na naɗi a watan Fabrairun 2025. Kasuwar tana rufewa, masu kyan su ne suka fara tafiya.

Abin da nake nema bai sauya ba. A daina karɓar aikin kwangila da kallon talabijin. A sayi na'urar da ke ƙirga kurakurai, a gwada samfuri daga kowane kwali kafin a sa hannu. Duk abin da ke kan DVD-RW ko faifai mai hawa biyu a kwashe shi a wannan shekara, ba baɗi ba, sannan a bi da DVD-R. Kowane abu ya zama yana da kwafi uku, biyu a rumbun kwamfuta daban-daban, ɗaya a wani gari, a riƙa duba su ana sabuntawa. In dole sai an yi faifai, to a rubuta irin rini da ƙarfe a takardar kwangila, a naɗa a hankali ba da gudun ƙarshe ba, a rufe faifan bayan naɗi don ya buɗe a wata na'urar, a sa shi a gidansa a tsaye, a rubuta suna da maka mai laushi a zoben tsakiya inda babu bayanai. Na'urorin karanta faifai da suka rage muku, ku ɓoye su, ku sayi ƙari tun ana samu.

Na ƙarshe, ranka ya daɗe shugaban zama, kai ne mai sa hannu, saboda haka kai nake roƙo: a fitar da takarda zuwa kowane sashe cewa babu wanda zai zubar da kaset ko ya mayar da takardun asali ɗakin shara don an ce masa an riga an kwafe su.