Jawabin majo a kan jinyar tsofaffi a likita



Ni majo ne. Aikina koya ma matasa jinyar tsofaffi. Idan kunka zo likita kunka ga yara masu fararen riguna suna bin wani daga gado zuwa gado, to ƴan lakkol ne. Suna zuwa daga makarantun aikin lafiya, kamar ta Damure Zika a Yamai da ta Damagaram. Karatu sun yi shi a aji. Amma takarda ba ta nuna ma mutum yadda ake ɗaga tsohuwa ba tare da an ji mata ciwo ba. Wannan sai bakin gado.

Ni nake fara yi, yaro yana kallo. Sannan ya yi, ina kallo. Idan ya yi kure, ba ni yi mashi faɗa gaban maras lafiya. Sai mun fita.

Abin da na fi nanata masu shi ne gyambon kwanciya. Tsohon da ba ya iya juyawa da kanshi, nauyin jikinshi yana danne fata, jini ya kasa wucewa, wurin ya mutu. Ya fi kama ƙugu, da kwatangwalo, da diddige, da kafaɗa. Maganinshi juyi: bayan kowace awa 2, dare da rana. A duba fata kullum. Idan wuri ya ƙara duhu, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri, kada a murza shi. A ɗauke mashi nauyi, a kira mu. Shimfiɗa kuma ta zauna busassa, don fitsari yana cin fata.

Wata rana na iske wani yaro yana ba wani dattijo fura, dattijon yana kwance rigingine. Sai ya shaƙe. Na ce: "Baba, yi haƙuri, bari mu tashe ka zaune." Abincin da ya ɓata hanya ya shiga huhu yana kawo ciwon huhu, kuma yana kisa. Yaron nan bai sake ba.

To, me ya sa nake gaya maku? Don da dare ku ne ke kwana kusa da maras lafiya, ku ke wanke shi, ku ke ba shi abinci. Ku ma ƴan lakkol ɗina ne, ko da ba ku da farar riga.

Ku riƙa ba tsoho ruwa kaɗan-kaɗan, ko bai nema ba. Tsufa yana rage jin ƙishirwa, balle lokacin bazara. Idan kuma ya ruɗe farat ɗaya, yana sambatu, kada ku ce tsufa ne ko iskoki. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ƙarancin ruwa a jiki. Ku kira majo nan take.

Ranar da za a sallame ku, ku ce a nuna maku juyin da hannu kafin ku ɗauki kayanku.