Abin da ke kunnena a 'yan kwanakin nan: daga Dublin zuwa Agadas

Yau mun ɗan ajiye maganar siyasa, kiɗa za mu taɓa. Wani ya turo min saƙo yana tambaya, wai me nake saurare idan na toshe kunne a cikin adaidaita? To ga amsa: rok nake ji, musamman irin wanda ake kira indi, wato na makaɗan da suka taso a ƙananan kamfanonin faifai, ba su jira manya sun tsara musu abin da kasuwa ke so ba.

Na san wani zai ce, malam wannan ai hayaniyar Turawa ce. Ka yi haƙuri ka biyo ni zuwa ƙarshe.

Na farko Fontaines D.C., samari ne daga Dublin ta ƙasar Ayalan. Kundinsu Romance ya fito a Agustan 2024. Ku fara da waƙar Starburster. Mawaƙinsu Grian Chatten ya rubuta ta ne bayan wani firgici da ya kama shi a tashar jirgin ƙasa a Landan, shi ya sa za ka ji yana jan numfashi da ƙarfi a tsakiyar waƙar kamar mai shaƙewa. Wallahi ranar da na fara jin ta sai da na tsaya cak, don na san wannan numfashin. Duk wanda ya gama jami'a ya shekara yana yawo da takardu ya san shi. Amma ni kundinsu na 2022, Skinty Fia, ya fi kwanta min. Waƙar farko a ciki ta samo asali ne daga labarin wata 'yar Ayalan da ta rasu a Ingila, 'ya'yanta suka so rubuta kalmomi da harshensu a kan kabarinta, kotun coci ta ce sai an haɗa da fassarar Turanci. Sai da suka ɗaukaka ƙara kafin suka yi nasara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai Wet Leg, daga wani tsibiri a kudancin Ingila. Kundinsu na farko na 2022 ya ci Grammy, na biyu, Moisturizer, ya fito a 2025. Akwai barkwanci, akwai daɗin jita, amma gaskiya baitocinsu ba su da kunya sosai. Kar ka kunna a falo Hajiya na zaune, ka ce ni na sa ka.

Yanzu ga wanda ya sa na yi shirin nan: Mdou Moctar. Ba'abzine ne ɗan Nijar, maƙwabcinmu. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, kuma da hagu yake kaɗawa. Waƙoƙinsa sun fara yaɗuwa ne ta Bluetooth da memori, waya zuwa waya, kamar yadda muka riƙa tura wa juna waƙoƙi muna sakandare. Yau yana tare da Matador, ɗaya daga cikin kamfanonin indi da ake ji da su a Amurka. Kuma abin kunya, ni a shafin Turawa na fara ganin sunansa, alhali Agadas ta fi kusa da ni nesa ba kusa ba.

Kundinsa Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, ya fito a Mayun 2024. Babu lallashi a ciki, daga sakan na farko jitar take rufe ka kamar guguwa. Akwai waƙar Oh France da ke caccakar abin da Faransa ta yi wa yankin. Akwai Imouhar, inda yake kiran 'yan'uwansa su riƙe harshen Tamashek kar ya ɓace. Kun ga inda muka dawo? Kukan da 'yan Dublin suke yi kan harshensu shi ne yake yi, kuma mu da muke cakuɗa Hausa da Turanci har mu kasa ƙarasa jimla ɗaya, da mu ma ake.

Lokacin juyin mulkin Yulin 2023 suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can. A wannan zaman ne suka sake ɗaukar waƙoƙin a sanyaye, da jitar da ba ta lantarki ba, ya zama Tears of Injustice na 2025. Shawarata, ka ji mai zafin da rana, ka ji mai sanyin bayan isha'i. Idan data ta yi ƙaranci, waƙa ɗaya ta isa: Afrique Victime ta 2021, minti bakwai da ɗoriya, kuma kar ka tsallake ƙarshenta.

Ku turo min naku, musamman 'yan'uwa na Damagaram da Tawa, na san kuna da waɗanda ba mu sani ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.